Yadda Aka Ƙirga Kifin Da Babu Shi

Duk wanda ya taso a zamanin da iyaye mata ke bin yara da cokalin man kifi ya san kifin kod, ko da bai taɓa ganin idonsa ba. Daga hantarsa ake tatso man nan mai ƙarni da ake ɗura mana, a toshe hanci a haɗiye. Shi ne kuma busasshen kifin nan mai taurin itace da ake jibgewa a kasuwar Sabon Gari, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, ana kawo shi daga Norwe. To, can ɗaya gefen tekun Atlantika, a gaɓar Kanada, kifin nan ya taɓa yin yawan da baki ba zai iya faɗa ba. Ya riƙe jama'a shekara ɗari biyar, sannan aka wayi gari babu shi. Kuma ba a rashin masu ƙirga aka yi asarar ba. Kowace shekara masana suna zama da alƙaluma da kwamfutoci su fitar da adadinsa, har zuwa dab da ƙarewarsa, takardunsu suna cewa yana nan.

A 1497 matuƙin jirgin ruwa John Cabot ya taso daga Bristol ya isa gaɓar da ake kira Niyufanlan a yau. Labarin da mutanensa suka koma da shi Ingila shi ne, a can kwando ma ya isa su: a ɗaura masa dutse a zura a ruwa, a jawo shi cike da kifi. Daga nan jiragen Fotugal da Faransa da Sifen da Ingila suka yi ta zarya. Ƙauyuka suka tsiro a lungunan gaɓar, maza suna fita da ƙananan kwale-kwale da ƙugiya, mata da yara suna fiɗa, su zuba gishiri, su shanya a kan dakalin itace. Kod ya shiga jikinsu har ya cinye sunan sauran: idan mutumin Niyufanlan ya ce "kifi" kawai, kod yake nufi, kamar yadda a wasu sassan ƙasar Hausa in an ce hatsi an san gero ake nufi.

A wancan zamani ba wanda ya ga dalilin ƙirga. A 1883, a wani babban baje-kolin harkar su da aka yi a Landan, Thomas Henry Huxley, wanda ke cikin manyan masanan halittu na lokacinsa, ya tsaya ya ce a ganinsa kod da herin da ire-irensu ba za su taɓa ƙarewa ba, kuma duk dokar da za a kafa don kare su ɓata lokaci ne. Hujjarsa ba ta wauta ba ce. Babbar macen kod guda tana zuba ƙwai miliyoyi a shekara, teku ba ta da iyaka a idon mai jirgin filafilai, abin da ɗan Adam ke ɗiba kuwa bai kai abin da sauran halittun ruwa ke ci ba. Sai dai a daidai shekarun da yake wannan magana ne jiragen tururi masu jan taru suka fara shiga Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Denmak da Norwe. Ba a jima ba masunta suka fara ƙorafin cewa sai sun yi nisa kafin su cika jirgi, kuma abin da suke samu ƙanana ne.

Nan aka fara neman hanyar ƙirga abin da ido ba ya gani. Wani ɗan Denmak, Johannes Petersen, a shekarun 1890 ya riƙa kama kifi yana maƙala masa alama yana mayarwa ruwa. Dabarar da ta fito daga aikinsa mai sauƙi ce: in ka saki ɗari masu alama, bayan an kwana biyu ka tarar ɗaya cikin kowane goma da aka kamo yana da alamarka, to akwai kusan dubu a ruwan. Wanda ya fi burge ni shi ne Johan Hjort na Norwe. An riga an gano cewa ɓawon kifi, da wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa, suna yin zobe ɗaya kowace shekara, don haka ana iya karanta shekarunsa kamar yadda dillali ke buɗe bakin rago ya duba haƙora. Hjort da mutanensa suka bi ɓawon kifin herin, dangin wanda ake sayar mana a daskare da sunan shawa, shekara bayan shekara. A 1914 ya bayyana abin da ya gani: waɗanda aka ƙyanƙyashe a 1904 su ne suka cika tarun masunta shekaru da yawa a jere. Tsara ɗaya tak ta yi albarka, ita aka yi ta ci. Ashe abin da ke cikin teku garke ne mai manya da ƙanana, wata shekara a samu haihuwa, wata shekara a rasa.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka yi wa masana gwajin da ba wanda zai iya shiryawa. Ruwa ya cika da nakiyoyi, aka ƙwace jiragen su aka ba sojoji, kifi ya huta. Da aka koma bayan kowane yaƙi, sai aka tarar da kifi ya yi yawa ya yi girma, bayan 'yan shekaru kuma ya sake komawa gidan jiya. Maganar Huxley ta mutu a nan. A garin Lowestoft na Ingila, wasu samari biyu, Ray Beverton da Sidney Holt, suka zauna daga 1947 da injin lissafi irin wanda ake murɗawa da hannu, suna haɗa girman kifi da mutuwarsa da faɗin idon taru cikin tsarin lissafi ɗaya. Littafinsu ya fito a 1957, ya zama abin da kowane jami'in kula da su ke rantsuwa da shi. Tambayar da suka amsa ita ce: a wane girma ya kamata a kama kifi, kuma da wane ƙarfi, don a fi samun nauyi? Tambayar ɗan kasuwa ce, kuma sun amsa ta da kyau. Ko garken zai iya mutuwa gaba ɗaya, wannan ba shi ne a gaban kowa ba a lokacin.

A 1965 John Gulland, shi ma daga Lowestoft, ya kawo hanyar da daga baya aka yi amfani da ita a Kanada, kuma sai an fahimce ta za a gane inda gizo ya yi saƙa. Ka ɗauki tsara ɗaya, a ce waɗanda aka ƙyanƙyashe a shekara kaza. Ka tara adadin da aka kama daga cikinsu suna shekara huɗu, da biyar, da shida, har ranar da aka daina ganinsu a taru. Ka ƙara wani kaso da kake zaton sun mutu da ajalinsu, wanda galibi akan sa kusan ɗaya cikin biyar a shekara. Sai ka yi lissafi da baya-baya, ka ce lalle a shekara kaza akwai adadi kaza a raye, tunda ga gawarwakinsu. Da matattu ake ƙirga rayayyu ke nan. Hanyar tana da kyau ƙwarai wajen faɗa maka yawan kifin da ke akwai shekara goma da suka wuce. Amma na bana, waɗanda ba a gama kamawa ba, sai an nemo wata alama daga waje an jingina lissafin a kanta. Kuma na bana shi ake buƙata don yanke yawan da za a kama baɗi.

Kafin nan teku ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A 1954 aka saki wani jirgin Birtaniya mai suna Fairtry, masana'anta ce sukutum a kan ruwa: ya ja taru, ya fiɗe, ya daskarar, ba sai ya koma gida ba na tsawon makonni. Tarayyar Sobiyet da Jamus da Folan da Sifen suka ƙera irinsa da yawa, duka suka nufi gaɓar Niyufanlan. Suna da na'urar da ke jiyo tarin kifi da amsa-kuwwa, suna iya aiki cikin hunturu a daidai wuraren da kod ke taruwa don zuba ƙwai. A 1968 an kwashi tan 810,000 na kod ɗin arewacin yankin. Cikin shekara 15 aka kama kusan tan miliyan 8, kwatankwacin abin da aka kama daga 1647 zuwa 1750. A 1977 Kanada ta shata iyakar ruwanta mil 200 ta kori baƙi, ta ce yanzu ilimi ne zai yi jagora. Aka tsara cewa ba za a riƙa kama fiye da kusan ɗaya cikin biyar na manyan kifin ba a shekara. Lissafi ya nuna garken yana farfaɗowa da sauri, gwamnati ta ƙarfafa gina masana'antu da manyan jirage, mutane suka ci bashi.

Alamu biyu aka jingina lissafin a kansu. Ɗaya daga jirgin bincike na gwamnati, wanda ke jefa taru a wuraren da aka zaɓa da ƙuri'a. Ɗaya kuma daga manyan jiragen kamfanoni: nawa suke kamawa a kowace awa ta jan taru. Ta farko tana nuna garken ya tsaya cik, ta biyu tana nuna yana hauhawa. Masana suka raba bambancin, suka ɗauki tsakiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa su a ƙarshen rani ya san abin da ke damun alama ta biyu. Lokacin da tafki ya janye ya koma ɗan kududdufi, a lokacin ne kowa ke cika gora, har yara da hannu suke kamawa. Ba wanda zai ga haka ya ce kifi ya ƙaru. A teku ruwan bai janye ba, kifin ne ya janye. Kod mai tafiya ne a ayari, da ya ragu sai sauran suka dunƙule a 'yan wurare kaɗan, jiragen kuma da na'urorinsu suka bi su har can. Tarun yana fitowa a cike har kusan ƙarshe. Masana biyu, George Rose da David Kulka, sun nuna daga baya, a 1999, cewa kamun kowace awa ya yi ta hawa a daidai lokacin da garken ke rushewa. Ga kuma ƙananan kifin da ake watsarwa a ruwa matattu don ba su da kuɗi, waɗanda ba su shiga littafin kowa ba.

Masu ƙananan kwale-kwale na bakin gaɓa su ne suka fara ihu. Su ba sa bin kifi, jiransa suke yi ya zo da bazara, a wuraren da kakanninsu suka kafa tarko. Tun farkon shekarun 1980 suke cewa kifin ya ragu kuma ya ƙanƙance. Aka ce musu sanyin ruwa ne ya hana shi matsowa, ilimi ya ce yana can. A 1986 ƙungiyarsu ta ɗauki masana daga jami'ar Memorial, ƙarƙashin Derek Keats, suka duba alƙaluman gwamnati, suka ce an zuzuta adadin. Akwai ma wata alama a cikin takardun kansu da ya kamata ta tayar da hankali: kowace shekara in aka sake lissafi, sai a tarar adadin bara ya yi yawa a rage shi, kuma kuskuren kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Kuskuren da ba ya taɓa sauya gefe ba tsautsayi ba ne.

Sai a 1989 masanan gwamnati suka yarda cewa ana kama ninkin abin da suke zato, suka ba da shawarar a sauko zuwa tan 125,000. Minista ya sa 235,000, don rufe masana'antu a Niyufanlan, jihar da ba ta da wata sana'a, ba abin da ɗan siyasa zai so ba ne. Kwamitin bincike da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Leslie Harris ya yi gargaɗi a 1990. Ranar 2 ga Yuli 1992, John Crosbie, ministan su kuma ɗan asalin jihar, ya sanar da rufe kamun kod a wani otal a St. John's, babban birnin jihar, masunta suna dukan ƙofa daga waje. Mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Manyan kifin da suka rage ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na yadda suke a farkon shekarun 1960 ba. Aka ce rufewar ta shekara biyu ce.

Me ya sa aka ce biyu? A nan, a ganina, babban kuskuren yake, wanda ya fi na alamar kamfanoni zurfi. An ɗauka kifi kamar ciyawa yake, in an daina yanka damina ɗaya ta isa. Masana da yawa sun yi imani cewa tunda ƙwai miliyoyi ne, yawan 'ya'ya bai dogara da yawan iyaye ba, yanayin ruwa ne kawai. Kuma da tan ake auna garken. Makiyayi ba ya wannan kuskure. Ka ce masa kana da shanu ɗari, zai tambaye ka nawa ne shanun tatsa, nawa karsana, nawa maruƙa, nawa bijimai, don ya san ɗari da ɗari ba ɗaya ba ne. A kifi ma abin ya fi haka, domin babu guzuma: macen kod tana ƙara tsufa tana ƙara girma, ƙwanta yana ƙara yawa da inganci. Su kuwa manyan su taru ya fara kwashewa. Tan dubu na 'yan shekara biyar masu haihuwar fari ba zai yi aikin tan dubu na 'yan shekara goma sha biyu ba. An kuma lura matan sun koma balaga da wuri, daga wajen shekara 6 zuwa 5, da ƙaramin jiki, alamar garken da ke cikin matsi. Masana Jeffrey Hutchings da Ransom Myers sun bi alƙaluman a 1994 suka nuna cewa kamu ne ya kashe garken, ba sanyi ba. Myers ya ci gaba da tara bayanan ɗaruruwan garkunan kifi na duniya don tabbatar da abin da kowace tsohuwa mai kiwon kaji ta sani, cewa in iyaye suka yi ƙaranci 'ya'ya ma za su yi.

Wani irin lissafi dabam yana nan tun tuni, sai dai ba a hannun masu kula da kasuwar kifi yake ba. A 1945 Patrick Leslie na Oxford ya tsara jadawalin da ke raba dabbobi gida-gida bisa shekaru, kowane gida da kason da ke tsira zuwa na gaba da yawan 'ya'yan da yake haifa. Da ɓeraye ya gwada shi. Amfanin jadawalin shi ne kana iya taɓa gida ɗaya ka ga yadda dukan garken zai amsa. A 1987 Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell suka ɗora shi a kan kunkurun teku na gaɓar Jojiya a Amurka. Shekara da shekaru masu son kunkurun nan suna kwana a bakin ruwa suna gadin ƙwai, suna kare shi daga dabbobi da ɓarayi, suna raka 'yan jarirai zuwa ruwa. Aiki ne mai daɗin gani a hoto. Lissafin ya ce ko da kowane ƙwai zai tsira, ɗari bisa ɗari, garken zai ci gaba da raguwa. Inda ake zubar da jinin shi ne wajen matasa, waɗanda suka riga suka tsallake shekarun haɗari, suna dab da fara haihuwa bayan shekara ashirin ko fiye, sai su nutse a cikin tarun masu kama jatan lande. Maganin wani ƙarfe ne mai sanduna da ake sawa a cikin tarun, jatan lande ya wuce ta tsakani, kunkuru ya zame ya fita ta wata ƙofa. Masuntan sun yi bore, har suka tare mashigan jiragen ruwa a 1989, amma dokar ta zauna.

Rashin sanin shekarun dabba ya yi ɓarna a wurare da dama. A Niyuzilan, daga 1979 aka far wa wani jan kifi na can ƙasan teku ana zaton yana rayuwa shekara talatin ko ƙasa. Da aka gyara karatun dutsen kunnensa sai ga shi yana haura shekara ɗari, kuma ba ya fara haihuwa sai ya wuce ashirin. Mutane sun yi ta cin kifin da ya girmi kakanninsu. Wani wurin kuma ƙarya ce tsagwaronta. Masanan da hukumar duniya mai kula da kamun wel, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku, ta naɗa a farkon shekarun 1960, ciki har da Holt ɗin nan na Lowestoft, sun yi aiki da alƙaluman da ƙasashe suka miƙa. Sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, masanin Rasha Alexei Yablokov ya fallasa cewa jiragenta sun kashe wel mai doro sama da 48,000 a tekun kudu, suka rubuta 2,710. Wanda ya san yadda ake tura shanu daji in mai karɓar jangali ya doso, ba zai yi mamaki ba.

A 1996 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa kod a jerin. Ma'auninta sabo ne a lokacin, an amince da shi a 1994: a duba kason da dabba ta ragu cikin shekara goma, ko cikin tsara uku in tsarar ta fi tsawo, ta yadda za a auna mai tsawon rai da mudunsa. Masanan kamun kifi da yawa suka fusata. Suka ce ta yaya za a jera kifin da ake sayarwa a kowace kasuwa tare da karkanda, alhali rage garke zuwa rabi ma yana cikin tsarinsu na samun amfani. Suna da 'yar gaskiya, don kod bai ƙare a duniya ba, na Norwe ma yana nan ana ci. Amma mutumin ƙauyen da ya kulle gidansa ya tafi neman aikin mai a jihar Alberta, ba ruwansa da kifin Norwe. A 2003 kwamitin masana na Kanada ya ayyana kod ɗin Niyufanlan da Labrador a matsayin mai fuskantar ƙarewa. A 2006 gwamnati ta ƙi sa shi ƙarƙashin dokar kariya, saboda abin da hakan zai jawo wa masu sana'ar.

Shekara biyun nan ta zama 32. A Oktoba 2023 ma'aikatar su ta Kanada ta fito da sabon tsarin lissafi, wanda ya ja bayanai baya har zuwa 1954, ya kuma shigar da ƙaramin kifin da kod ke ci. Da wannan aka saukar da layin da ake cewa garke yana cikin mawuyacin hali, sai lissafi ya nuna ai kod ya haura layin tun 2016. Mai yiwuwa sabon layin ya fi tsohon daidai, masanan da suka zana shi suna da hujjojinsu. Kifin dai bai ƙaru ba a daren da aka sauya shi. A Yuni 2024 aka ɗage haramcin, aka yanka tan 18,000, aka kuma ware wani kaso ga manyan jirage masu jan taru. Masu ƙananan kwale-kwale, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ce wa sanyin ruwa ne, suka fito suna cewa ba su yarda ba.